Akurkin da Ba Ya Warin Kaza

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne.

Ta zo mu ji ta, Iya.

An yi wata tsohuwa, Goggo Tasalla, mai kaji cike da tsakar gida. Akurkinta ya tsufa, bangon baya ya rarake, har Tunku, dabbar nan mai satar kaji, ya samu kafar shiga. Kun san kaza da dundumi, rana na faɗuwa idonta ya mutu. Sai Tunku ya lallaɓo ya ja mai ƙiba, da safe a ga babu ɗaya.

Goggo ta kwaɓa ƙasa ta gina sabon akurki, ta yaɓe shi sumul, ta share shi tas. Tunku ya ga abincinsa zai ƙare. Ya zo bayan danga ya kira Zakara.

"Ranka ya daɗe, sarkin cara. Ka shinshina sabon ɗakin nan? Yana warin kaza?"

Zakara ya ce, "Ba ya yi."

"To ka taɓa ganin ɗakin kaji babu kashin kaji? Wanda ya shiga can ba ya daɗewa har ya yi kashi. Daga nan sai wuƙa, sai tukunya."

Zakara, ga tsayin wuya ga ƙarancin tunani, ya tara iyalinsa ya gaya musu.

Magariba ta yi, Goggo ta tsaya tana kira, "Kur-kur-kur! Ku shiga nan!" Kaji suka leƙa suka ce, "Ba ya warin kaza, ba mu shiga!" Suka koma tsohon. Da safe babu Farar kaza.

Washegari Goggo ta zuba tsaba tun daga tsakar gida har cikin sabon. Suka tsince har bakin ƙofa suka ce, "Ba ya warin kaza, ba mu shiga!" Da safe babu Jar kaza.

Sai ta mirgino turmi ta toshe ƙofar tsohon. Kun san abin da sakarkarun nan suka yi? Zagayawa suka yi suka shiga ta ramin Tunku! Da safe babu Baƙar kaza. Zakara ya ce, "Ai Goggo ce take ɗauke su."

Akwai wata kaza, Wake-wake, ba ta daɗe da ƙyanƙyasa ba. Tana tono a bayan bango sai ta ga gashin Baƙar kaza, busasshe, da jini. Ta ce a ranta, "Goggo da ruwan zafi take figa, gashin a jiƙe yake zuwa juji. Wannan aikin haƙori ne." Ta dubi ƴan tsakinta. Manya sun kusa ƙarewa, saura su.

Ta gaya wa Zakara, ya ce ta rufe masa baki. Ba ta yi musu ba. Rana tsaka ta kora ƴaƴanta cikin sabon akurki ta ce, "Kowa ya tsuguna." Ke Lanti, daina dariya, rai ake ceto! Suka yi a kusurwa, suka yi a tsakiya, suka yi a bakin ƙofa.

Da magariba kaji suka leƙa, suka shinshina. Ɗaya ta ce, "La! Yana wari!" Suka shige ɗaya bayan ɗaya. Zakara ya kumbura wuya ya ce, "Kashin ƴan tsaki ne zai sa in janye maganata?" Ya juya ya nufi tsohon.

Wake-wake ta kwanta ta buɗe fukafukai, ƴaƴa suka shige. Sai ta ji wuri ɗaya da sanyi. Babu Auta. Ashe wutsiyar ubansa ya bi.

Ga Goggo can tana jawo dutsen rufe ƙofa. Ga ido ya fara mutuwa. Kaji suka ce, "Kada ki fita!" Ta fita.

Ta tsaya tsakar gida, ba ta ganin ko ƙafarta. Ta ce, "Kwak, kwak, Auta!" Shiru. Ta matsa. "Kwak, kwak, Auta!" Sai ta ji ciyawa na motsi a bayan bango, sannu, sannu. Tsoro ya kama ta, amma ta ƙara kira, "Kwak, kwak, Auta!"

"Tsiyau!"

Sai Auta ya faɗo ƙarƙashin fiffikenta yana makyarkyata. A daidai nan suka ji Zakara ya yi ƙara ɗaya, bai ƙarasa ba. Tunku ya ga babba, me zai yi da ƙarami?

To ina hanya? Ba ido. Ta ɗaga baki ta shinshina, ta bi warin ƴaƴanta, Auta na manne da ita. Tana sa ƙafa ciki, Goggo ta tura dutse, ƙirif. Tunku ya zagaya bangon nan har ya gaji, bai samu kafa ba, kuma bai ƙara cin kazar gidan ba.

Amma da asuba babu wanda ya yi cara. Sai da rana ta fito Goggo ta farka, ta buɗe akurki, ta tsaya tana duban tsakar gida, hawaye na zubo mata.

Kun ji, yara. Idan wani ya hana ku shiga inda aka gyara muku, ku fara duba abin da yake ci da dare. Kuma idan kun yi kuskure, ku janye tun da sauran haske.

Ƙurunƙus kan ɗan tsako. Kowa ya tashi ya shige akurkinsa.