Ranar da Maɗaci Ya Yi Ɗaci

Dalilin da ya sa maɗaci yake da wannan ɗacin, yara, ku matso ku ji.

A da can ɓawonsa zaƙi gare shi kamar rake, kuma yana magana da masu neman magani. Ƙa'idarsa ita ce ka yi sallama, ka sassaƙi kaɗan ta gefe guda, ka shafe wurin da laka.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da wani manomi, Nomau. Mutumin da ba ya dawowa daga gona sai da ɗinya a aljihu saboda matarsa Tasalla, ga shi ko ido ba ya buɗewa. Tasalla ta ɗauki gatari ta nufi bakin rafi, inda wani babban maɗaci yake.

"Salamu alaikum, Baba Maɗaci. Maigidana ne ba lafiya."

Itacen ya ce, "Ɗebi cikin tafin hannu, 'yata. Ya isa."

Ta sassaƙa, ta dubi ɗan abin da ke hannunta. Wannan ne zai tayar da ƙato kamar Nomau? Ta ƙara. Ta sake ƙarawa, tana cewa, "Yi haƙuri, Baba, saura kaɗan," har ta zagaye gindin kaf.

Sai ganye ya fara zubo mata a ka, kore shar. Ta ɗaga ido, gatarin ya suɓuce mata. Rassan duk sun yi tsirara.

"Innalillahi! Baba, me ya same ka?"

"Kin yanke mini hanyar ruwa. Itacen da aka zagaye ba ya rayuwa."

Ta durƙusa tana manna ɓawon da laka, yana faɗowa.

"Bari, 'yata. Mijinki zai tashi. Amma daga yau ni da zuriyata za mu yi ɗacin da ba wanda zai ɗebi fiye da buƙatarsa."

Daga nan itacen ya bushe.

Da ta koma gida ta jiƙa ɓawon, ta ɗanɗana, sai da tsikar jikinta ta tashi. Ta ɗura wa Nomau. Ya zabura ya zauna, idanu waje.

"Tasalla! Kashe ni za ki yi?"

Ta riƙe hannunsa tana dariya tana kuka, ta kasa gaya masa wanda ya mutu a madadinsa.

Shi ya sa har yau ko ƙato ya kurɓi maɗaci sai ya runtse ido, kuma mai magani na gari ba ya zagaye gindin itace da gatari.