Ganga da Jan Ƙyalle

Akwai wani manomi da ya haƙa hanyar ruwa daga rafi zuwa fadama, ya ce kowa ya ja, kowa kuma ya gyara in ya ga ta ɓaci. Mutane suka zo, suka yi lambuna.

Amma hanyar ƙasa ce, kullum sai ta ɓalle wani wuri. Wanda ya gani sai ya faɗa wa manomin a kasuwa, wani ya bar sallahu wurin matarsa, wani ya ce ai an riga an faɗa. Wata ɓarakar mutane su yi mata taron dangi, wata ko kallo.

Manomin ya tara su ya ce a tsai da hanya guda ta kai labari. Ƙanensa ya kawo ganga daga birni, kowace irin ɓarna da nata kiɗan. Aka yi na'am, gama gangar abar kallo ce.

To, akwai wata gwauruwa da lambunta na albasa ke can ƙarshen hanya, da shi take ci da marayunta. Ta ga ruwa yana zurarewa kafin ya iso ta. Ta je gun ganga ta tsaya, ta koma. Albasa ta fara kwanciya.

Manomin ya same ta tana ɗauko ruwa da tulu, ya ce, "Inna, me ya hana ki buga ganga?"

Ta ce, "In buga wanne? Na fashewa ko na toshewa? In yi kuskure ƙanen nan naka ya yi mini dariya? Kuma ko na buga, in kuna kasuwa, kiɗan zai zauna jiranku ne?"

Ran nan ya sauke gangar, ƙanensa na fushi, bai kula ba. Ya ce, "Daga yau, wanda ya ga ɓarna ya kafa sanda da jan ƙyalle a wurin. Wanda ya ɗauki gyaran ya ƙulla bakin ƙyallen, kada wani ya wahala. Ba mai cirewa sai ruwa ya wuce."

Sandar gwauruwa aka fara kafawa. Rabin albasar ya tsira.

Ma'anar wannan misali ita ce: hanyar ruwa ita ce manhajar kwamfutar nan da ku jikokina kuke haɗawa kyauta, kowa na sa hannu. Na ji kuna gardamar inda za a riƙa tara ƙorafin kurakuranta, kowa na yabon wanda ya fi ƙawa. Ku bar wannan shirme. Ku zaɓi wuri ɗaya tak, inda ƙorafi zai zauna a idon kowa har a gyara, a san kuma hannun wa yake. Kafin ku yanke, ku sa baƙon da ya zo jiya ya gwada kai ƙorafi. In ya tsaya yana jin kunya, ku watsar da wurin ku nemi wani, ko wane ne ya kawo shi.

Gama wanda ke ƙarshen hanya shi ke fara ganin ruwa ya yanke, kuma a kansa Ubangiji zai tambaye ku.