Shekarar da Babu Takarda Ko Ɗaya

Wai me wanda ya karanci aikin ɗakin karatu zai yi in ba a ɗauke shi aiki ba? Wannan ma tambaya ce? Ni ban taɓa zama a aji ba, amma na san amsa. Ku rufe min baki ku saurara.

Akwai wata 'yar kafinta, ana ce mata Shiru, don tun da ta gama wannan karatun, kowa ya yi motsi sai ta ce a yi shiru. Shekara uku tana zaune da kwalinta. In uwarta Inna ta ce ta kama sana'a, sai ta taɓe baki: "Aikina sai da kantoci da littattafai."

Ran nan wani mutum ya zo ya ce filin shagon ubanta na kakansa ne. Alƙali ya ba Baba kwana uku ya kawo takardar saye, ko ya kwashe katakonsa.

Takardun Baba buhu huɗu ne, na shekara talatin. Aka zazzage a tsakar ɗaki, kowa na tono kamar kaza. Baba zufa, Inna salati.

Tsoro ya kama Shiru, don shagon nan shi ne cinsu da shansu. Ta ce, "Kowa ya ɗauke hannu."

Ba neman takardar ta yi ba. Jerawa ta shiga yi, kowace shekara da tulinta, da lamba a kai.

Baba ya daka mata tsawa: "Takarda ɗaya muke nema, ke kin baza mana kasuwa!"

"Baba, ka bar ni." Ta ci gaba da jerawa.

Kwana biyu, buhuna suka ƙare, babu takarda. Baba ya zube ƙasa ya riƙe kai. Shiru kamar ta fashe da kuka, amma ta sake bin layin da ido. Shekara talatin, tuli ashirin da tara.

"Inna, shekarar da aka haifi Auta ko takarda ɗaya babu. Me ya faru?"

Inna ta dafe ƙirji. "Shekarar da rufi ya yi yoyo! Na cusa su a rigar matashi, na jefa saman kabad!"

Aka sauko da rigar matashin, takardar saye tana ciki. Ɓera ya ci gefe, amma hatimi na nan. Shago ya tsira.

Kafin sati tela maƙwabcinsu ya kawo jakar takardunsa ta jera masa, sai mai kemis, sai wata makaranta. Baba ya buga mata kantoci a gefen shago ya ce, "Ga abin da kika shekara uku kina jira. Da kin tambaya, ai kafinta ne ubanki."

Darasi: Abin da kika koya yana hannunki, ba a ofishin wani ba. Kada ki jira sai tsoro ya tashe ki. Ku kai wa yayyenku masu kwali a ƙarƙashin katifa wannan labari, su ma su kai gaba.

To, ku tashi ku kwanta. Kada in ƙara jin motsin kowa.