Cediyar Nomau da Rariyar Barau

An ce wai an yi wani sarki da ya faɗaɗa hanyoyin garinsa, ya bar 'yar siririyar ƙasa tsakanin hanya da katangun gidaje. Ya yi umarni kowane magidanci ya dasa itace a tasa, kuma gatari ba zai taɓa ko ɗaya ba sai da yawun alƙali.

Jama'a suka yi ta dasa zogale da darbejiya. Shi kuwa Nomau, wani mai ɗinkin hula, sai ya bar wa matarsa Kyauta zaɓi. Ta je gidan iyayenta ta saro reshen cediya, ta kafa shi daf da iyakar maƙwabcinsu. Cediya ta kama, ta yi inuwa luf. Daga baya Allah ya yi wa Kyauta rasuwa, ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba. Abin da ya rage wa Nomau na hannunta ke nan, kullum a gindinta yake wuni da allurarsa.

Maƙwabcin nan kuwa, Alhaji Barau, attajiri ne mai ji da kansa. Ya sa an ƙawata fuskar gidansa da zane, ga cediya ta tare wa masu wucewa gani. Abin ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya, amma dokar sarki ta ɗaure masa hannu.

Ana nan sai wata damina katangar Barau ta tsage daga tushe. Aka tona, sai ga saiwar cediya, kauri kamar cinyar ƙato, ta kutsa ƙarƙashin gini. Kafin rana ta take, Barau ya ɗauko Alƙali Cindo, har da mai gatari a biye, don kada a ɓata lokaci.

"Allah ya gafarta malam," in ji Barau, "ido ba mudu ba, ya san kima. Ga saiwa, ga katanga. 'Ya'yana a bayanta suke kwana. A sare ta yau."

Alƙali ya dubi Nomau ya ce, "Malam Nomau, taka ce?"

"Tawa ce, Allah ya gafarta malam. Marigayiya ce ta dasa."

Alƙali ya sa aka tona ɓangaren Nomau. Saiwoyin can sirara ne, ko kusa da gini ba su kai ba. Alƙali ya tsaya yana duban ramukan nan biyu, har mai gatari ya fara wasa kaifinsa a kan dutse. Duk goga ɗaya Nomau ji yake kamar a ƙirjinsa ake yi.

Can alƙali ya ce, "Alhaji, ka taɓa ba ta ruwa?"

"Ni? Ko ɗigo. Ina ruwan biri da gada?"

"Madalla. Azahar ta kawo jiki, a ba ni buta in yi alwala a tsakar gidanka. Kai kuwa Malam Nomau, tsaya a gindinta ka yi sallama da ita."

Nomau ya dafa cediya, idonsa ya cika. Bai ga komai a maganar nan ba sai yankan ƙauna. Yana nan tsaye, sai ya ji sanyi a tafin ƙafarsa. Ya duba, ga ruwa na bulbulowa daga wata ƙaramar kafa a gindin katangar Barau, yana malalowa kai tsaye zuwa tushen itacen.

Alƙali ya fito yana share gemu, ya nuna layin gidajen. "Rariyar kowa kwata ta nufa. Taka kaɗai ce ta yi kwana ta nufo nan. Wa ya karkata ta?"

Da Barau ya ga ba mafita, ya ce shi ne. Tun cediya na ƙarama ya sa aka juya rariyar, wai ruwan toka da na wanki su ruɓar da ita.

Alƙali ya ce, "Saiwa ba ta da ido, ruwa take bi. Shekara da shekaru kana aika mata da abinci, yau ta biyo sawu ta zo godiya, ka kawo ƙararta? Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. A datse saiwar da ta shiga gini, ka mai da rariyarka kwata, ka gyara katangarka. Cediya tana nan. Amma jama'a ku ji, wuri in ya yi ƙunci, a zaɓar masa itace mai ƙaramar saiwa."

Mai gatari ya datse saiwa ɗaya tak, ya saɓa gatarinsa. Nomau ya zauna a gindin cediya, ya ɗauki hula zai ci gaba da ɗinki, amma hawaye suka hana shi ganin kafar allura.

Shi ya sa masu hankali ke cewa, kafin ka malala sharri zuwa ƙofar maƙwabci, ka tuna hanyar da ya bi ya fita, ita zai bi ya dawo.