Ruwan da Dakta Ya Sa wa Hannu

Akwai wata ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje a Titin Ibrahim Taiwo, sunanta Muhibba. Shugabanta Dakta Hamzat masanin ƙwayoyin cuta ne. Ilimi kam akwai, amma girman kai ya yi masa katutu.

Duk Asabar takan je Sabon Gari wurin Malam Ambrose, tsohon malamin lissafi da ke koya wa masu bincike irinta lissafin aikinsu. Ta taɓa gayyatar Dakta, ya yatsine fuska.

"Ni malamin sakandare zai zaunar? Allah ya sawwaƙe."

Wata rana mai unguwa daga Fagge ya kawo ruwan rijiyarsu a gwada, don yara suna ta gudawa.

A ƙa'ida, ana sirka ruwan ninki goma, sau uku a jere, don ƙwayoyin su ƙirgu, sannan a mayar da lissafin baya. Aka ƙirga, aka samu biyu. Dakta ya ce goma uku talatin, sau biyu sittin, ruwa lafiya lau.

"Ranka ya daɗe," in ji Muhibba, "ba tarawa ake yi ba, ninkawa ake. Goma sau goma sau goma dubu ne. Dubu biyu ke nan, ruwan ba ya shawuwa."

Abin da ya fi ba ta ƙyama, ta ga ya sake duban takardar, ta ga ya gane. Amma wai don kada a ce ƙaramar ma'aikaciya ta gyara masa, ya sa hannu ya buga hatimi. Tir da wannan hali.

Kwana biyu ta kasa cin abinci. A na uku ta ce ko korar ta za a yi, a yi. Ta tafi Fagge ta faɗa wa mai unguwa gaskiya. Ashe an riga an kwantar da jikarsa a asibiti.

Mai unguwa bai yi faɗa ba. Ya sa aka rufe rijiyar, ya ɗebo ruwanta a kofin silba, ya kai har teburin Dakta.

"Ga ruwan da ka sa wa hannu. Bismillah."

Dakta ya kalli kofin, ya ja kujerarsa baya.

"Ka kasa ko? Jikata ta sha, don ta yarda da ni, ni kuma na yarda da takardarka."

Darasi: Wanda ya raina koyo, wasu ne ke shan kuskurensa. Idan an gyara maka, karɓa, ko daga bakin wa ya fito. Ku tura wa duk wanda rayukan mutane ke rataye a kan sa hannunsa.