Bunsurun da Ya Cinye Alamar Hanya

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne!

Ta zo mu ji ta!

Mutanen Tudun Kalgo ba su da kasuwa, rijiyarsu ma sai a hankali. Taƙamarsu ɗaya ce: baƙo bai taɓa ɓata a tsohuwar turbarsu ba. In na gaba ya iso mararraba, sai ya kashe hanyoyin da bai bi ba da ɗanyen ganye, na baya ya bi wadda aka bari.

Rannan madugu Barmo ya yi gaba, ya bar wa Bunsuru baƙonsa, wani tsoho makaho mai suna Jatau.

"Ka kawo shi gari. Sunanmu na wuyanka."

Bunsuru ya kaɗa gemu. "Ni ɗan Tudun Kalgo ne, madugu!"

Mararraba ta farko, ganyen rama. Bunsuru ya haɗiye miyau, ya wuce.

Ta biyu, harawa. Ya sansana, ya wuce.

Ta uku, zogale. To, kowa da iyakarsa. Ya ci nan, ya juya ya ci can, har ya manta inda ganyen yake. Ga hanyoyi uku, duk a buɗe.

Jatau ya ce, "Ɗana, me ya tsai da mu?"

"Nazari nake, Baba."

"Nazarin naka warin zogale yake."

Kunya ta kama Bunsuru. Ya zaunar da tsoho gindin tsamiya, ya ce, "Ƙafarka ba za ta taka ko ɗaya ba sai tawa ta gwada."

Ya bi ta dama, sai kogi. Ya dawo ya tura mata dutse da ƙaho.

Ya bi ta tsakiya, sai Kura.

"Maraba da ɗan'uwa! Shigo ka sha ruwa."

"Na sha a gida, Yaya!"

Ya juya a guje, Kura ta cafke rabin wutsiya. Ya dawo yana jini, ya tura dutse na biyu.

Suka bi ta hagu, sai ga su a gari.

Barmo ya ce, "Ina wutsiyarka?"

Jatau ya ce, "Da ita ya biya mini hanya. Ni dai ban ɓata ba."

Shi ya sa har gobe da dutse ake kashe hanya a Tudun Kalgo, bunsuru kuma yake ɗaga guntuwar wutsiyarsa sama don kowa ya gani. Zancen zogale ne dai ba ya so.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu a mararraba!