Dutsen da Ke Raguwa

Ku matso ku kasa kunne, wannan ba a jin ta a kwanta, sai an yi gardama.

A Kakuri ta Kaduna, Malam Hashimu mai sana'ar goge ƙarfe ya rasu ya bar 'ya'ya uku, Barira da ƙannenta Tasi'u da Lurwanu, ya kuma bar musu injin goge ƙarfe mai kwamfuta. Injin nan da dutse mai juyawa yake aiki. In dutsen ya dakushe, sai a kankare fuskarsa da tsinin lu'ulu'u, kuma duk kankara ɗaya dutsen raguwa yake yi. Dole injin ya matso da shi daidai abin da ya ragu, in ba haka ba aiki ya ɓaci. To, wannan lissafin ne ya goge daga kwamfutar. Dillalin injin ya leƙo ya ce ba mai gyara shi a ƙasar nan. Kawunsu Mudi, mai riƙon gado, ya kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe.

Barira ta tsaya a bakin ƙofa, ranta a ɓace.

"Kawu, injin Baba ba zai hau sikelin gwangwan ba ina numfashi."

Ana haka manoman rani suka kawo sandar ƙarfen famfonsu a goge musu, ita kaɗai gare su, shinkafa kuma tana ƙishi. Kawu ya ce to ga fili ga mai doki: in sanda ta fito daidai, inji ya tsira, wanda ya cece shi ya riƙe makullin shago. In ta lalace, a kwance shi a auna.

Tasi'u, wanda 'yan gidan suke yi wa dariya da ɗan latse-latse, ya zauna gaban kwamfutar ya ƙi tashi ko cin abinci. Ya sake koya mata cewa duk abin da lu'ulu'u ya ci a jikin dutse, ta matso da dutsen daidai haka. Ba don shi ba, da injin ya yi ta gogar iska.

Lurwanu kuwa ba ya yarda da abin da bai taɓa da hannu ba. Ya kwance lu'ulu'un ya shafa, ya ji tsininsa ya mutu. Ashe kwamfuta za ta ɗauka an kankare dutse alhali an shafe shi ne kawai, ta tura shi ya cinye sandar. Ya juya lu'ulu'un, ya fito da gefen da bai taɓa aiki ba.

Aka kunna, tartsatsi ya tashi. Da aka zo ƙarshe aka auna, sanda ta ɗara da ɗan kaɗan, bai kai silin gashi ba. Kowa ya ce a ƙara goga ɗaya. Barira ta taɓa sandar ta ji zafi, sai ta rufe maɓallin kunna injin da tafin hannunta.

"Ƙarfe mai zafi kumbura yake yi. Ba mai taɓa shi sai ya huce."

Kawu ya daka mata tsawa, manoma suka yi caa, har ƙannenta suka ce Yaya taurin kai ne. Ta san in ta yi kuskure ita ce ta kashe injin ubanta, amma ba ta ɗaga hannun ba. Da sanda ta huce aka sake aunawa, ta faɗa daidai cif. Da an ƙara gogar nan, da ta yi sako-sako a famfo, kuma abin da dutse ya ci ba ya dawowa.

Ruwa ya koma gona, 'yan gwangwan suka tura kurarsu ba kaya. Sai ga Kawu Mudi tsaye da makulli ɗaya, ga hannaye uku, kuma ba wanda ya janye nasa.

To jama'a, tsakanin wanda ya koya wa inji lissafi, da wanda ya gane lu'ulu'u ya mutu, da wadda ta ƙi jin maganar kowa, wa ya fi cancanta ya riƙe makullin nan?